Maki Biyu Saboda Murya

A shekarar da na zauna gidan 'yata a Edmonton ta ƙasar Kanada ana duba mini ido, aikin da aka ba ni shi ne raka jikata makarantar hawan doki duk Asabar. Uwarta likita ce, ba ta cika samun hutun ƙarshen mako ba. Mukan hau bas mu sauka kusa da kogi, mu ƙarasa da ƙafa ta wani lungu mai taɓo.

Na ga dawaki a wurare da dama. A Agadas na ga mai doki yana hira da dabbarsa kamar maƙwabcinsa, a Alƙahira na ga ana kaɗa ganga doki na taka rawa, a Turkiyya kuma mahaya na jifan juna da sanda cikin ihu. Irin hawan da yarinyar nan ke koyo, wanda suke kira dressage, ban taɓa ganin mai shirunsa ba. Fili ne na yashi, an jera haruffa a gefensa. Mahayi ya haddace inda zai yi tafiya, inda zai yi sassarfa, inda zai zagaya, inda zai tsaya cak. Alƙaliya na zaune cikin mota a ƙarshen fili tana ba kowane motsi maki. Ana son a ga kamar dokin ne ya ga damar yin komai da kansa.

Dokin da ake ba ta kili ne, fari, na makarantar, ya kwana biyu a duniya, ga shi da tsoro. Leda in iska ta ɗauko ta sai ya zabura. Yarinyar ta gano maganinsa da kanta: tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, da Hausa. A gida in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini, amma a barga sai na ji tana cewa, "Sannu, tsoho, yi a hankali. Babu komai."

Na ce, "Amarya, ashe abokin takara gare ni a nan? Ni Turanci, shi Hausa?"

Ta ce, "Shi ba ya gyara mini magana, Kaka." Da Turanci ta faɗa.

A wannan kaka makarantar ta sami gurbi ɗaya a wani shiri na horar da yara mahaya. Wanda aka ɗauka zai yi hunturu yana zuwa wajen manyan malamai, ya hau dawakan da suka fi na makaranta ilimi, in bazara ta zo a kai shi gasa a wajen gari. Ga yarinyar da ke zaune a gidan haya na bene, ba ta da doki nata, wannan ce ƙofar da take gani. Sharaɗin shi ne a yi gwaji gaban alƙaliya daga waje, wadda ta fi maki ta tafi. Su biyu ne ake ganin za su iya, ita da wata yarinya 'yar Turkawa, ƙawarta.

Malamarsu, wata Baturiya mai gajeren gashi da muryar kiran shanu, ta ja ta gefe a gabana. Ta ce doka ta hana amfani da murya a cikin fili, ko da tsaki ne. Duk inda aka ji, za a cire maki biyu. Ta ce ta daɗe tana kawar da kai, yanzu lokaci ya ƙure.

Aka shiga koyon shiru. Makonnin farko ba su yi kyau ba. Kilin ya riƙa juya kunne baya yana neman muryar da ya saba, in bai ji ba ya ƙara sauri. Malamar ta ce ta yi masa magana da cinya da nauyin zamanta da yatsun da ke riƙe da linzami. Sannu a hankali ya fara karɓa. Ni dai ina zaune a benci da shayi a kofin takarda, ina tunanin yadda za a yi in bayyana wa mutanen garinmu cewa akwai inda ake cin mutum tara don ya ce wa dokinsa sannu.

Ranar gwajin an tashi da yayyafi. Ta yi wa gezar dokin kitso ƙanana-ƙanana, ta sa baƙar riga da farar safar hannu, ta cusa ɗankwalinta ƙarƙashin hular kwano. Ƙawarta ce ta fara shiga, ta yi nata lafiya lau. Sai alƙaliya ta danna ham ɗin mota, alamar a shigo, jikata ta shiga ta tsakiya, ta tsaya, ta sunkuyar da kai.

Rabin farko ya tafi daidai. A kusurwa ta nesa wani daga cikin iyaye ya buɗe lema. Kilin ya ɗaga kai, ya ƙame, ya fara ja da baya. Ina ganin bakinta a rufe, tana matse shi da ƙafa, bai motsa gaba ba. Ya ƙara taku ɗaya baya, ƙafarsa ta kusa taɓa katakon iyaka, wanda in ya tsallake shi an fita daga gwajin ke nan. Sai na ga leɓenta ya motsa. Daga inda nake ban ji ba, amma gilashin motar a sauke yake. Dokin ya sauke wuya, ya huci, ya ci gaba da sassarfa har suka gama.

Da aka fito da sakamako, ƙawarta ta fi ta da ɗan abin da bai kai makin da aka cire ba. Malamar ta gaya mata haka kai tsaye, ba ta sassauta ba. Ta ce da ta ƙara haƙuri kaɗan wataƙila da ya tafi da ƙafa kawai, wataƙila kuma da ya fita daga filin. Ta ce ba wanda ya sani, ita ma ba ta sani ba.

Jikata ta je ta rungumi ƙawarta, sannan ta ja kilin zuwa barga ta hau warware masa kitso. Na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce lema ce kawai."

"Kin san an ji?"

"Na sani tun kafin in faɗa."

Hunturun nan ƙawarta ce ta riƙa tafiya wajen manyan malaman, ita kuma ta ci gaba da hawan Asabar a kan yashin makarantarsu. An ce za a sake buɗe gurbin baɗi. Kafin lokacin likitan ido ya sallame ni, na koma gida.