Ƙarfen Garma a Motar Wasa

Daminar da muka baro Yargoje saboda 'yan bindiga ban yi shuka ba. Muka kama ɗaki biyu a bayan garin Kankara, kusa da wasu duwatsu. Makarantar da nake koyarwa a rufe take, gona kuma babu mai iya zuwa. In na yi sallar asuba sai in sha koko, in zauna a ƙofar gida har rana ta kore ni.

Ƙanena da ke gyaran waya a Kaduna ya zo gaishe mu, ya bar mani wata motar wasa mai rimot. Ba ta gudu. Don hawan dutse aka yi ta, a hankali, da manyan tayoyi masu laushi. Ya ce in riƙa rage zama da ita. Na karɓa don kada ya ji babu daɗi.

Kwana huɗu ina ɗora ta a kan duwatsun, sai sandar da ke riƙe da tayoyin gaba ta karye. Roba ce. Na kira shi, ya ce akwai na ƙarfe, daga waje ake kawo su, har da na tagulla masu nauyi da ake ɗaurawa kusa da taya don kada motar ta kife. Ya turo hotuna. Na duba, na ajiye wayar.

A layinmu akwai wani tsohon maƙeri, mutumin Pauwa, shi ma gudu ya kawo shi. Garemanin da ya ƙera suna jingine da bango, babu mai taya su. Wata rana na kai masa sandar da hotunan.

Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce, "Malam, wannan ta mi ce?"

"Ta motar wasa ce, Baba."

"Ta yaranka?"

"Tawa."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauko garma ɗaya, ya yanko ƙarfe daga bakinta, ya ce in ja masa zugazugi. Sandar farko da ya ƙera ta yi kauri. Ta biyu ramin kusar ya kauce. Ta uku ce ta zauna, bayan la'asar.

Daga nan kullum da hantsi ina maƙerarsa. Muka cire sandunan roba guda takwas ɗaya bayan ɗaya, muka sa na ƙarfe. Ya buga faranti na kare cikin motar. Tagulla kuwa daga wani tsohon kan famfo muka samo. Ba ma hira sosai. Bai taɓa tambayata wa na rasa a ƙauye ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ranar da muka gama ya biyo ni wajen duwatsun. Motar ta yi nauyi, tana tafiya tana ƙara. Ta kama dutsen da ya fi tsayi, tayar gaba ɗaya ta ɗaga sama, ta sauko, ta haye. Na tsaya ina jiran in ji daɗi.

"Ta hau," in ji Baba.

"Ta hau."

"Saura mi?"

Na juya ta ciki da baya. Babu sauran abin da za mu iya canzawa.

Da kaka 'yarsa ta zo daga Sabuwa ta tafi da shi. Na taya su ɗora uwar maƙera a mota, ni da direban, muka ɗaure ta da igiya.