Rifkatu, Ciwon da Ake Warkewa Ya Ɗauke Ki

Ina shanyar wanki a gidanmu na Samaru mijin 'yata Rifkatu ya kira daga asibiti. Ya gaishe ni. Kafin ya faɗi abin da ya faru na riga na zauna a ƙasa.

Rifkatu tela ce a unguwar PZ, mai cika alkawari. Ko da cikinta ya tsufa ba ta bar keken ɗinki ba, don kada amaryar wani ta rasa kaya. Idan aka ce ta huta sai ta yi dariya ta ce, "Allura ba ta san mai ciki ba." Ba ta taɓa mayar mini da magana ba, ko da na yi mata faɗa a gaban mutane. Abin da take faɗa kullum shi ne, "Zai wuce, Mama."

Da ƙafafunta suka kumbura, matan gidansu a Muchia suka ce alamar ɗa namiji ce. Da ciwon kai ya matsa, aka ce rana ce. Ranar da ta ce ba ta ganin ƙofar ɗakinta, ta faɗi tana jijjiga, sai aka ce iska ce, aka danna mata cokali a baki, aka kewaye ta da addu'a har yamma. Da aka kai ta asibiti, jaririn kawai aka iya ceta. Ni mai addu'a ce, amma ina gaya muku, mata: Allahn da muke roƙo bai hana mu tare Keke Napep ba.

Likita ya bayyana mana cewa hawan jinin ciki ne ya kumbura bayan ƙwaƙwalwarta, inda gani yake. Ya ce ba kasafai ake samunsa ba, kuma idan aka sauke jinin da wuri, ido kan buɗe, mace ta koma gida. Wannan maganar ce ke hana ni sukuni.

Yanzu ƙanwarta Saratu tana ɗakina, ta zo goyon ciki. Kowace safiya ina danna ƙaurinta da yatsa, in ga ko wurin zai lotsa. Jiya ta dafe goshi ta ce zai wuce. Na ce, "Ɗauki gyalenki, mu tafi awo. A gidan nan an daina cewa haka."

Ubangiji ya ji ƙan Rifkatu, ya ba ta hutawa. Ya raya jaririn da ta bari bai san fuskarta ba, ya ƙarfafa mahaifinsa. Saratu kuwa, ya Ubangiji, ka bar mini ita. Amin.