Mai Sayen Ƙundun Kaji

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Kafanchan, ƙarshen shekarun tamanin, ba mu da hira a ofishin malamai sai ta masu kuɗin ƙasar nan. Wane kwangila ce, wane takin gwamnati ya karkatar, wane rijiyar mai aka ba shi. Ni dai ban taɓa yarda da arzikin da ba a ga guminsa ba, har abokan aiki suka sa mini suna 'yar sanda.

Namu attajirin na gida tsohon ma'aikacin reluwe ne. Jiya-jiya muke ganinsa da keke, sai ga shi da Marsandi da bene. Ba shago, ba gona, ko buhun citta ba a taɓa ganin ya saya ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: sayen kajin ƙauye. Yaransa kan bi ƙauyukan hanyar Gidan Waya, kowace kaza sai sun tambayi gidan da ta fito da inda take kiwo. Naman ya rabar wa maƙwabta, amma ƙundun, wato jakar nan da kaza ke tara tsakuwa a ciki, a kai masa ba a tsaga ba. Gari ya ɗauka, kowa ya ce kuɗin tsafi ne.

Babana dattijon ikilisiya ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan. A wurinmu ƙundu na maigida ne, mace ko yaro ba ya taɓawa, don haka abin ya dame shi ƙwarai. A ganinsa mai tara ƙundun gidaje, kan masu gidajen yake nema. Ya hana a sayar wa mutumin ko gashin kaza daga gidanmu. Maƙwabta kuwa suka yi ta sayarwa, kuma kajinsu a bakin rafinmu suke wuni.

Wata Asabar na je gida na tarar da Marsandin a ƙofarmu. Mutumin na zaune a kan benci, yana ta “Baba, Baba” kamar shi aka haifa a gidan. Ba kaza yake so ba. Gefen gonarmu na bakin rafi yake so a sayar masa, wurin da tsakuwa ta yi yawa har ko acca ba ta yi. Wai gidan kaji zai gina.

Da ya tafi na ce, “Baba, a dakata. Mutumin da ke da bene a gari, me zai yi da tsakuwarmu? Gonar kakanmu ce fa.”

“Malama, kin cika zargi,” in ji Baba. “Kaza ne yana da jini. Ƙasa ba shi da jini. An taɓa yin tsafi da tsakuwa?”

Na yi magana har muryata ta dushe. Raina ya ɓaci, domin na san akwai wani abu, amma ban iya nuna shi da yatsa ba. Aka sayar a gaban mai unguwa.

Ba a kafa ko sanda ɗaya ta gidan kaji ba. Kafin damina ta dawo, bakin rafin ya zama ramuka, samari na haƙa suna tacewa da rariya, baƙi daga Senegal da Mali na ɗaga wasu ƙananan duwatsu shuɗaye suna dubawa a rana. Sai a lokacin muka ji cewa dutsen nan mai tsada ne, ƙasashen waje ake kai shi. Kaza ba ta zaɓe, abin da ta tsinta take haɗiyewa. Mutumin ba tsafi yake yi ba, ƙundu yake tsagawa ya ga ƙasar wa ke da dutsen.

Ranar Kirsimeti Mama ta yanka zakaranmu. Tana wanke ƙundun Baba ya ce ta kawo ya gani kafin ta zubar da dattin. Ya baza a tafin hannunsa, ya zuba ruwa. Ga shuɗayen duwatsun nan, ƙanana kamar ƙwayar dawa, suna ƙyalli.

“Maman yara, tun yaushe kina ganin wannan?”

“Tun da ka kawo ni gidan nan,” in ji Mama. “A bayan kicin nake zubarwa.”

Aka dafa, aka sa masa ƙundunsa a kwano kamar kullum. Har muka tashi bai taɓa ba.