Farantin Maƙwabciya

Mama ta zo mini wankan jego ne a ƙarshen Nuwamba, shekarar da muka koma McLeansville a Amurka, kuma ko gama warware kayanta ba ta yi ba ta ce a canza mata tikiti, gida za ta koma. Ba sanyi ne ya dame ta ba, ta ce sanyi yana da magani. Rana ce ta ɓata mata rai. Kullum tana bakin taga tana kallon yadda take faɗuwa da wuri kamar mai gudun aiki.

"Wannan wane irin gari ne? Kana sallame la'asar waya tana kiran magariba. Ga shi babu mai sallama, babu mai aiko yaro."

Ni kuwa tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Maigidana raba kaya yake yi gida-gida, kuma a Disamba mutanen ƙasar nan saye suke kamar gobe za a rufe duniya, don haka ba ma ganinsa sai ya dawo a jigace. Idan Mama ta tafi, daga ni sai jaririya sai duhu. Na yi ta ja mata rai: yau intanet, gobe kamfanin jirgi ba sa ɗaukar waya.

Na gwada kai ta yawo. Muka bi ta unguwar Irving Park kallon fitilun Kirsimeti, inda muka ci karo da rabin 'yan garinmu. Waɗanda suka fi kowa cewa mu ba ruwanmu da Kirsimeti, su ne a gaban layin motoci, yara sun leƙo da kai, wani Alhaji yana ɗaukar bidiyo wai don ya nuna wa mutanen gida almubazzaranci. Mama ta dubi bishiyoyin da aka naɗe da ƙwan lantarki har sama, ta taɓe baki ta ce mutanen da ba a taɓa ɗauke musu wuta ba, dole su raina ta. Muna dawowa ta sake tambayar tikiti.

Washegari aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta tsallaken titi, wata tsohuwar Baturiya mai zaman kaɗaici, riƙe da farantin tangaram mai zanen jan tsuntsu, cike da biskit. Ta ce na biki ne, kuma ta tambaya an ce mata ba ma cin alade, to babu. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya da Hausa har ta tambayi mutanen gidan da babu su. Ana rufe ƙofa ta ɗaura zani.

"Ina shinkafar masa?"

Na ce Mama, ai kawai mu wanke mu mayar. Ta yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun ina firamare. "Ki mayar wa mutum kwano wayam? A gidan wa kika taso?"

Da hantsi farantin ya tsallaka titi da masa a rufe, Mama na biye da shi cikin rigar sanyin surukinta a kan atamfa. Ta dawo tana huci da jin daɗi, an fita kunya. Kwana bai yi nisa ba sai ga farantin ya dawo da burodin masara.

Mama ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Ashe matar nan 'yar gidan mutunci ce. To, bismilla."

Daga nan aka shiga yaƙi. Muka aika funkaso, aka mayar da kek ɗin kabewa. Mama ta ɗanɗana ta ce wanda ya zuba sukari a kabewa Allah ya shirye shi, sannan ta cinye yankan, ta ɗora miyar taushe don ta nuna wa baiwar Allah abin da ake yi da kabewa. Aka tura ni titin Gate City Boulevard neman daddawa da man ja, ni da ake cewa kada in fita iska. Maigidana, wanda ya tara ramuwar azuminsa tun bazara yana jiran ranakun nan masu gajarta, ya zama shi ne kwandon zuba ragowa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce azumi ya karɓe shi. Mama ta fara kwana da lissafin abin da za ta dafa. Maganar tikiti ta koma sau ɗaya a rana, ita ma sama-sama, kuma kullum da sharaɗi: da zarar farantin ya zauna a gidan masu shi, za ta tafi.

Ranar da ta fi kowace gajarta a shekara, tsohuwar ta jera kyandirori cikin jakunkunan takarda a bakin hanyarta, ta gayyace mu shan shayi, wai daga yau rana za ta fara dawowa. Mama ta ce da ma ina ta je. Muka tafi da dambun nama a farantin.

Muna zaune, Mama tana jijjiga jaririya, sai tsohuwar ta riƙo hannuna tana dariya ta ce in taimaka in tambayi mahaifiyata yaushe za ta bar farantinta ya huta. Na ce ai naki ne. Ta zaro ido. Ashe har farantin kyauta ce, don mu ta saye shi. Da ta ga ya dawo da abinci, ta ɗauka kwanonmu ne muka aiko da shi, kuma kakarta ta hore ta cewa a kudancin ƙasar nan ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai. Ta ƙara da cewa ba ƙorafi take ba. Tun rasuwar mijinta ba a taɓa buga mata ƙofa haka ba.

Farantin yana da gida ke nan, kuma gidan namu ne. Mama ta ce, "Me take cewa?" Na so in ce yabon dambu take, amma Mama tana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki. Na faɗa mata duka, har da maganar ƙofa.

Ita ma a shekarar ta fita takaba. Ta shanye shayinta, ta bari aka loda mata biskit a farantin, muka tsallako titi tsakanin kyandirorin.

A kicin na tattara ƙarfin hali na ce, "To Mama, tikitin fa?"

Tana wanke farantin, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kada ki kuskura ki gaya mata na gane. Jiƙa mini wake, gobe alale za a kai. Wa ya ce miki zan tafi in bar kwanon mutane a gidanki?"