Ranar da Yaya Sale ya kai ƙarar kansa

A watan nan na Safar aka cika shekara tara da muka ɗauko Yaya Sale daga gidansa na unguwar Rusaifa a Makka muka kai shi Harami aka yi masa salla. Tun daga lokacin nake cewa zan rubuta wani abu a kansa, amma kullum sai in cije a wuri ɗaya, domin labarin da ya fi cancanta in bayar shi ne wanda ni ban fito da kyau a cikinsa ba. Bana dai na ce a yi ta ta ƙare.

Yaya Sale wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara bakwai. A unguwar Misfala, nan cikin Makka, aka haife mu. Kakanmu daga Kano ya taso a ƙasa, ya ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin katako yana amai tun daga waccan gaɓa har wannan, da ya taka tudu kuwa ya rantse shi da ruwa sai na sha da na alwala. A gidanmu ana cewa abin da ya hana shi komawa gida ke nan, ba son Makka kaɗai ba. To jikan wannan bawan Allah ne, wanda ya tashi a garin da babu ko rafi, ya je ya zama murshid a wata tashar jiragen ruwa ta bakin wannan teku. Mun sha tsokanarsa a kan haka, shi ma ya sha dariya.

Murshid shi ne ɗan gari da ke tarar babban jirgi tun yana waje, ya hau shi ta tsanin igiya, ya tsaya kusa da kyaftin yana faɗa wa mai riƙe da sitiyari inda zai karkata har a jingina da gaɓa lafiya. Ruwanmu cike yake da duwatsun murjani waɗanda baƙo ba ya gani. Aikin yana da ƙa'ida guda da Yaya ya sha maimaita mana: in an yi haɗari, dole murshid ya rubuta rahoto, in ma ba a yi ba amma saura ƙiris a yi, shi ma dole ya rubuta. Ni direban bas ne, lokacin Hajji ina jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, kuma a sana'armu duk abin da bai faru ba, to bai faru ba. Don haka nake jin wannan ƙa'ida kamar ta mutanen da aiki ya yi wa kaɗan.

Shekara shida kafin rasuwarsa, ana saura 'yan makonni Hajji, Inna, mahaifiyarmu, ta kwanta asibiti. Da ciwo ya yi tsanani sai ta ajiye Larabci gaba ɗaya, ko likita ya yi mata magana sai da Hausa take amsawa. Yaya ne ya ɗauki jinyarta a kansa. Daga aiki sai ya kamo hanyar Makka ya zauna a gefen gadonta suna hira, daga nan ya koma bakin aiki. Ya yi mako guda a haka, barcin kirki babu, Hausa kuwa ya yi ta fiye da wadda ya yi a shekara goma.

Wata safiya a cikin makon ya hau wani tsohon jirgi da ya ɗauko tumakin hadaya. Suna shiga ƙuntatacciyar hanyar tashar sai iska ta bugi jirgin ta gefe, ya fara zamewa dama, wajen dutse. A ɗakin tuƙi da Turanci ake ba da umarni. Yaya ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Hagu! Hagu!" Mai sitiyarin ɗan Filifin ne, sai ya juyo yana kallonsa. Numfashi biyu ko uku suka wuce kafin Yaya ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya gyara. Jirgin ya juya, ya wuce dutsen ko gogarsa bai yi ba. Kyaftin ya ɗauka wata addu'a ce irin tamu. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce iska ce, ba abin da ya faru, a bar maganar.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muna cin shinkafa a gidansa ya ba ni labari. Da farko dariya na yi har na ƙware. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya ce ga rahoton da zai miƙa. A ciki ya rubuta cewa ya hau jirgi bai yi barci ba, kuma ya ba da umarni da harshen mahaifiyarsa, Hausa. Nan take dariyata ta ɗauke.

Na ce, "Yaya, wa ya gane abin da ka faɗa?"

Ya ce, "Babu."

"To halas, magana ta ƙare! Allah ya rufa maka asiri, kai kuma za ka je ka tona da hannunka? Ka yi sadaka, ka ja bakinka ka yi shiru."

Ya ce, "Sadaka na yi, Habu. Amma gobe wani zai hau jirgi idonsa na rufewa kamar yadda na hau. In na rubuta musu iska ce, iskar za su gyara?"

Ina so mai karatu ya fahimci fushina, ko da ba zai ba ni gaskiya ba. Mu 'yan Misfala da tsoron takarda muka tashi. Mu dai muna da takardun ƙasa, amma rabin maƙwabtanmu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma tun muna yara muka ga cewa duk ranar da sunan mutum ya hau takardar hukuma, ba alheri ya je nema ba. Babanmu yakan ce ka yi aikinka, ka sunkuyar da kai, kada ka bari a tuna da kai. Yaya kuma ya yi shekara ashirin a wurin aikin nan yana Kyaftin Salih kawai, ya sha wuya kafin a daina kallon fatarsa a fara kallon aikinsa, har ana raɗe-raɗin shi za a ba shugabancin murshidai. Ga shi yanzu zai ɗauki kalmar Hausa ya dasa a tsakiyar rahoto, ya sa hannu a ƙasa. Wallahi a ranar gani nake wauta ce tsantsa.

Ya miƙa rahoton. Aka ɗauke shi daga manyan jiragen na wasu watanni, aka tura shi likitoci su duba shi, aka sake yi masa jarrabawa kamar sabon shiga. Shugabancin ya tafi hannun wani, bai kuma sake zagayowa kansa ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Kyaftin Hagu, wasu da wasa, wasu da abin da ya wuce wasa. Ranar da ya gaya mana an ba wani muƙamin, ni ne na ajiye cokali na ce, "Ai na gaya maka." A gaban matarsa da 'ya'yansa na faɗa. Shi dai ya turo mini nama gabana ya ci gaba da cin abincinsa. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya ta rufe ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. An ce mini yanzu a waya ake aika irin wannan rahoto, wasu wuraren ma mutum yana iya ɓoye sunansa. Na san zai yi murna da sauƙin, amma ɓoye sunan zai sa ya taɓe baki, don shi mutum ne da ko ruwa ya zubar a tabarma sai ya ce ni ne. Mu ma a bas yanzu an sa mana na'urar da ke ƙirga awannin da direba ya yi a kan sitiyari, in ka wuce ta tona ka. Abokaina suna zaginta. Ni ma nakan taya su, amma ba da zuciya ɗaya ba. Ɗansa Faisal ya girma, shi ma a tashar yake aiki a ofis. Shi kam ba zai taɓa yin kuskuren ubansa ba, domin ko firgita shi ka yi ba Hausa ce za ta fara zuwa bakinsa ba. Ban san ko Yaya zai ɗauki wannan a matsayin ci gaba ba.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, kwana biyu kacal ya yi a kwance. A rana ta biyu ta zaman makoki wani dattijo Balarabe, tsohon murshid da ya riga shi ajiye aiki, ya zauna kusa da ni ya riƙe hannuna. Ya ce bayan rahoton Yaya ne aka sake duba yadda ake jera musu aiki, aka ce wanda yake da mara lafiya ko bai samu barci ba ya faɗa a musanya shi, ba tare da an ɗauke shi rago ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ni kaina sau biyu Larabci yana kufcewa daga bakina maimakon Turanci a irin wannan wuri. Ba na jin akwai ɗayanmu da bai taɓa yi ba. Mun yi masa dariya, ya Abubakar, amma shi kaɗai ya rubuta." Na yi ta juya kofin gahawa a hannuna.

In aka auna da ma'aunin duniya, Yaya ya yi asara, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Muƙamin ya tafi, sunan tsokanar ya bi shi har ƙarshe, ba a kuma taɓa kiransa an ce an gode ba. Abin da ya samu a madadin haka ba ya nunuwa. Jirgin da bai daki dutse ba ba ya shiga labarai, murshidin da aka ce ya koma gida ya kwanta bai san albarkacin wa ya ci ba. 'Ya'yansa sun gaji gida a Rusaifa da uban da ba za su taɓa jin wani ya ce ya ɓoye laifinsa ba, kuma da na manyanta na gane wannan ba ƙaramin gado ba ne.

Abin da ke ci mini rai nawa ne ni kaɗai. Shekara shida muna haɗuwa kowace Juma'a a faranti ɗaya, kuma tun kafin dattijon nan ya yi magana zuciyata ta riga ta san wanda ya yi daidai a cikinmu. Girman kai ne ya hana ni buɗe baki, ina ganin akwai lokaci. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa neman in janye maganata ba.

Yaya, kai ne da gaskiya. Na makara, amma ga shi na faɗa. Allah ya yalwata makwancinka, ya sa ka iske Inna cikin rahama.