Layar Damtsen Maigida

Shekarar da mahara suka kore shanun ƙauyukanmu, aka tara mahaya a Gozaki don a bi sawunsu. Maigidana yana ciki, a kan goɗiyarsa da yake ji da ita fiye da ni, ko da yake bai taɓa yarda da haka ba. Tsakiyar damina suka fita. Bayan kwana tara suka dawo a warwatse, wasu ma a ƙasa. Na tsaya a ƙofar gari har na ƙarshensu ya wuce. Duk wanda na tambaya sai ya ce ya ga faɗuwar goɗiyar, bai ga tashin mai ita ba.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, wani bafatake ya yi sallama, ya miƙo mini laya. Ya ce a kasuwar Danja wani ya ba wani, shi kuma aka ce ya kawo gidanmu, iyakar saninsa ke nan. Ina gani na gane ta: layar damtsen maigida ce, jar fata, da tabon wuta a gefe. Na ce shi ke nan, abin da ya saura daga gare shi ne aka aiko mini. Na yi kuka har na gode Allah, na zura mata igiya na rataya a wuya. Surukata ta ce ba a takaba sai an tabbatar da mutuwa, amma ni a raina na riga na shiga. Da layar nake daka, da ita nake zuwa rafi.

Wata uku, gumi ya cinye ɗinkin. Na kai wa baduku ya sake mata fata. Da ya warware takardar ya juya bayanta, sai ya ce in bi shi wurin liman, don wannan rubutun ba aya ba ne. Ni a lokacin ko alif ban sani ba.

Liman ya dube ni, ya ce, "Zauna, 'yar nan. Farkon abin da maigidanki ya rubuta shi ne, ina da rai."

Sauran da ƙyar na ji. Wai sun hango zangon maharan da hantsi, tsakaninsu wani fili kore shar, aka ce a yi sukuwa. Ashe fadama ce. Dawaki suka nutse har ƙirji, lifidi, sulken audugar da ke jikinsu, ya sha ruwa ya yi nauyi, kibau suka yi ta sauka a kansu. Layi uku maigida ya yi wa goɗiyarsa a takardar, yadda ta mutu kanta na kan cinyarsa. Ƙafarsa da ta karye kuwa rabin layi ta samu. Wani tsohon Bamaguje ne ya tsince shi ya kai gida. Da maigida ya rasa takarda sai ya farke layarsa, ya rubuta a baya da baƙin tukunya, ya ba wani ɗan aike, ya ce in an kai a buɗe. Maganar buɗewar ce ta faɗi a hanya. A ƙarshen takardar ya ce, "Ƙafa ba ta takuwa. Ki sa a zo da jaki."

Wata uku ina yawo da kiransa a ƙirjina ina yi masa kuka. Ban taɓa jin kunya da murna sun haɗe mini haka ba.

Kwana biyu muka yi a hanyar ƙauyen da takardar ta ambata, ni da yayansa da jaki. Muka same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiya, ya rame har wuya ya fito. Na durƙusa a gabansa. Na ciro layar na fara bayani, ya girgiza kai.

Ya ce, "Kullum mutanen gidan nan sai sun tambaye ni ina mutanena. Na ce musu aikin gero ne ya riƙe ki. Da aka girbe, na ce gyaɗa. Shekaranjiya na ce dawa." Ya kama bakin zanena ya riƙe. "Gara da kika zo yau, amfanin gona ya kusa ƙare mini."