Shekara Huɗu Babu Mai Yi wa Malam Faɗa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, Inna Yalwa, mai tausar unguwarmu a Yakasai. Allah ya jiƙanta. Ta tafi lokacin soja na mulki. Yau farar hula sun dawo, kowane bango ya sha fosta, har katangarmu an manna mata fuskar wani mai neman kansila, daidai inda take shanya tabarma. Da tana nan, da kansa zai zo ya ɓanɓare, ya haɗa da ban haƙuri.

Inna ba ta tausa da baki a rufe. Za ta lakato man kaɗanya, ta kafa babban yatsanta a gadon bayan mace, sai faɗa ya tashi: "Wa ya aike ki ɗaga turmi? Samarin gidan hannunsu ya karye?" Ihun da ake yi a ɗakinta, na rantse na kan dutsen Dala suna jiyowa. Amma mace ta shigo a duƙe, ta fita tana neman abokiyar tsere.

Yanzu yayata Hadiza ce ke karatun gashin ƙashi a jami'a. Ita ta ba mu labarin cewa a ƙasar Sin likitoci sun duƙufa binciken tausarsu ta gargajiya. Suna gwada ta a kan ciwon wuya da na baya, har da na'urar da ke auna nauyin yatsan mai tausa. Na daɗe ina tunanin me Inna za ta ce. Na san dai za ta fara tambaya ko su ma da man kaɗanya suke yi, sannan ta ce a kawo mata na'urar ta danna, a ga wanda zai fara yin ihu.

Wanda rashinta ya fi taɓawa shi ne kakanmu, Malam. Bayansa ya riƙe tun bayan rasuwarta, har salla sai a zaune, abin yana cin ransa. Duk da haka ya ƙi kowa ya taɓa shi. Cewa yake hannu ɗaya ne ya san bayan nan, kuma an binne shi.

Watan jiya Hadiza ta shawo kansa da ƙyar. Ta fara yi masa irin ta mutanen Sin, a hankali, shiru kamar mai rubuta jarrabawa.

"Amarya," in ji Malam, don haka yake tsokanar jikokinsa mata, "tausa kike ko ƙura kike share min?"

Hadiza ta ƙule. "Ango mai taurin kai! Wa ya aike ka zama da ciwo shekara da shekaru? Gyara kwanciya!" Ta kafa yatsa ta danna.

Malam ya ƙwalla ƙarar da ta tarwatsa kajin maƙwabta. Na leƙa na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce wai man zafi ne ya shiga. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙara dannawa nan. Kuma kada ki bar faɗan."

Ban sani ba ko masu binciken Sin suna da na'urar auna wannan. Inna ba ta bar gida ko gona ba, kwanon manta ma tuni aka mayar da shi na zuba gishiri. Amma Juma'ar da ta wuce Malam ya bi sahu a tsaye, ya yi ruku'u da bayansa. Da ya dawo, tun daga zaure muka jiyo shi:

"Ina Amarya? Yau ba wanda ya yi min faɗa!"